Kuɗin Sare Bishiya A Gida: Ina Lissafin Ya Karkace?

Kowace shekara idan hadarin farko ya haɗo, watau daga ƙarshen watan Mayu zuwa cikin Yuni, iskar nan da ke zuwa gaban ruwa takan bar mana labari iri ɗaya a garuruwanmu. A wannan unguwa reshe ya faɗa bisa kwano ya lotsa shi, a waccan katanga ta zube, a wata kuma wayar lantarki ta tsinke, wani lokaci ma har da hasarar rai. Sai jama'a su taru su yi jaje, a ce ƙaddara ce. Mu ba mu musa ƙaddara ba. Amma duk wanda ya tsaya ya yi tambaya zai tarar cewa sau da yawa bishiyar nan an daɗe da sanin cikinta ya ruɓe, har mai gida ya taɓa kiran masu sara, suka dubi aikin suka faɗi kuɗi, ya ji nauyin abin ya ce su bari sai wata ya yi. Wata ya yi, wani ya biyo baya, iska ta riga shi. Alhali kuwa a bayan layin nan, a cikin makon nan, an kayar da wani maɗaci lafiyayye wanda ya girmi duk mutanen gidan, kuma mai shi bai fid da ko kwabo ba, shi aka ƙirga wa kuɗi aka ba.

Wannan shi ne abin da muke so 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata su duba tare da mu. A ƙasar nan bishiyar da ta kamata a cire ita ce mai tsadar cirewa, wadda kuwa ta kamata a bari ita ce ake biyan mai ita don ya rabu da ita. Muddin lissafin ya tsaya a haka, to, duk wa'azin da ake yi a ranar dashen itatuwa zuba ruwa ne a rariya.

Bari mu fara da yadda masu wannan sana'a suke yanka farashi, domin ba da ka suke yi ba. Idan bishiya tana fili, babu gini babu waya kusa da ita, aikin ba shi da wani wuya. Mai inji zai duba inda ta karkata, ya yi mata tsaga a gefen da yake so ta faɗi, ya zagaya baya ya yanke, ta kwanta, sa'an nan a daddatsa ta. Kafin azahar an gama. Amma bishiyar da ke tsakar gida wani abu ne dabam. Ba ta da inda za ta faɗi sai kan ɗaki, ko kan katangar maƙwabci, ko kan rijiya. Saboda haka tilas wani ya hau can ƙololuwa da gatari ko adda ko da injin kansa, ya riƙa sare rassa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure kowane reshe da igiya, mutum uku ko huɗu a ƙasa suna sassauta shi a hankali har ya sauka. Bayan rassa sai gangar jikin, ita ma gunduwa gunduwa daga sama. Aikin da zai ci rabin yini a fili sai ya ci kwana biyu ko uku a cikin gida, kowane yini kuma da ladan leburori da abincinsu. Idan wayar lantarki ta ratsa cikin rassan, sai an je an nemi ma'aikatan wuta su kashe layi, wannan kuwa ɗawainiya ce mai zaman kanta, wadda duk wanda ya taɓa yin ta ya san ba rana ɗaya ake gamawa ba.

Injin kansa fetur yake sha gauraye da baƙin mai, ga kuma man da sarƙarsa take bukata, ga wasa haƙoranta, ga sayen sabuwa idan ta ci karo da ƙusa ko ƙarfen da aka taɓa kafawa a jikin bishiyar don ɗaura igiyar shanya. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, kuma babu mai injin da bai ɗora wannan a kan farashinsa ba. To, an sare. Saura fitarwa. A tsofaffin unguwanni inda mota ba ta shiga lungu, a kafaɗa ake fito da kowane gungume ta zaure, ko a baro, har bakin titi inda a-kori-kura take jira. Saura kuma kututture, wanda shi ne mutane suka fi mantawa da shi sa'ad da ake ciniki. Darbejiya idan aka bar kututturenta tohowa take yi, idan kuwa ya mutu a ƙasa sai ya zama gidan gara, gara kuma ba ta san iyakar kututture da azarar ɗaki ba. Tono shi da diga da shebur wani jingan ne dabam. Daga nan sai gyaran abin da ya lalace, domin da wuya a gama irin wannan aiki ba a fasa 'yan bulo ko an huda kwano ba, ga farashin siminti yadda ya koma.

Duk wannan gefe ɗaya ne na ma'auni. A ɗaya gefen akwai itacen da za a samu. Darbejiya da maɗaci da ɗorawa da marke da ƙirya duk kuɗi ne a kwance: masu gidan burodi suna so, masu gawayi suna so, masu katako da masassaƙa suna so, ga matan aure da tsadar iskar gas da kananzir ta mai da su murhu. Saboda haka abin da mai sara yake yi a zuciyarsa shi ne ya haɗa wahala da hatsari, ya debe kuɗin itace, abin da ya rage shi ne farashi. Idan bishiya lafiyayya ce, mai kauri, a wuri mai sarari, itacenta ya fi wahalarta, sai shi ya biya mai gida. Idan kuwa ta tsufa, cikinta ya zama kogo, gara ta cinye, ta sunkuyo kan ɗakin kwana, to, hatsarinta ya kai matuƙa, domin ruɓaɓɓen reshe ba ya ɗaukar mai hawa, itacenta kuma ba ya sayuwa. Nan ne ake faɗin kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai ji kamar an ce ya kawo albashinsa ɗungum. Kuka ma haka take, ko da lafiyarta lau, domin jikinta taushi gare shi kamar soso, ba ya yin katako ba ya yin makamashi. Jama'a sukan ce tsoron iskoki ne ya sa ake ƙyale kukoki a tsakiyar gari. Wataƙila da wannan, amma muna zaton da kuka tana yin gawayi da tuni an sami malamin da zai roƙi iskokin su yi ƙaura.

A ƙasashen Turai da Amurka lissafin ba haka yake ba. A Amurka cire bishiya a gida yakan ci daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, gwargwadon girmanta da kusancinta da gini, domin ladan ma'aikaci yana da tsada, kamfanin yana biyan inshora, wani lokaci ma sai an kawo mota mai ƙugiya ta ɗaga gungumen ta bisa rufin gida. Kuɗin itacen ba ya rufe wannan, saboda haka mutum ba ya sare bishiya don neman riba. A Ingila kuwa hukumar gari tana da ikon sa wa wata bishiya takardar kariya, ko da a cikin gidan mutum take, ba ya sare ta ko ya rage ta sai da izini. A unguwannin da aka keɓe saboda tarihinsu, sai mai gida ya ba hukuma sanarwar mako 6 kafin ya taɓa babbar bishiya. Ba mun kawo wannan don mu ce a kwaikwayo su ido rufe ba. Tsadar da ke can ita ma tana da nata waɗanda take cuta, musamman tsofaffi masu ƙaramin fansho. Abin lura kawai shi ne, a can kasuwa ba ta tura mutum ya kayar da lafiyayyar bishiya, a nan kuwa turawa take yi da hannu biyu.

Yanzu sai mu zo ga kuɗin da ba a ƙirgawa ranar ciniki, wanda a ganinmu shi ne mafi girma. Mai gida ya karɓi 'yan kuɗinsa, mota ta kwashe itace, an share tsakar gida, an shimfiɗa siminti ko bulon daɓe daga bango zuwa bango, gida ya yi fes kamar na cikin mujalla. Sai watan Maris ya kama. Kowa ya san yadda Sakkwato da Maiduguri da Yola da Kano suke daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi yake haura digiri 40. A watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma yankin nan namu ɗaya ne da nasu. Bishiya ba inuwa kaɗai take bayarwa ba. Ruwan da take zuƙowa daga ƙasa tana fitar da shi ta ganye, wannan kuma yana sanyaya iskar da ke kewaye da ita, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Da an cire ta, rana za ta faɗi kai tsaye bisa kwano da bango da daɓe, su sha zafi wuni guda, da dare su riƙa amayo shi cikin ɗaki. Mai hali sai ya sayo na'urar sanyaya ɗaki. To, a yi lissafi. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu layin da ake ba wuta sa'a 20 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Na'urar da ke jan ma'auni 1 a sa'a, idan ta yi sa'a 8 kullum har kwana 30, ta sha ma'auni 240, watau Naira 54,000 a wata ɗaya, a ɗaki ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar nan kuwa Naira 70,000 ne. Wanda ba ya kan irin wannan layi kuma, ko dai ya sayi fetur ya zuba wa janareta, ko ya fito da tabarma ƙofar gida ya nemi inuwar bishiyar maƙwabcinsa, idan shi bai sare tasa ba. Abin da aka ba mai gida sau ɗaya aka ba shi. Abin da zai biya kuwa kowace bazara ne, shi da 'ya'yansa, kuma darbejiyar da za ta rufe ɗaki da inuwa ba ta yin haka cikin shekara ɗaya ko biyu.

Yana da kyau mu tuna cewa yawancin inuwar da muke sha a birane ba tsirowa ta yi da kanta ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro wasu kuma maina, asalinta daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta ne, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Mutane ne suka yi ta ban ruwa da tulu da garwa, suka kewaye ta da ƙaya saboda awaki, har titunan Maiduguri suka yi suna da ita. Haka maɗatan da ke jere a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Zariya da Kano. Kafin su kuma akwai na kakanni, waɗanda sunayen unguwanninmu suke shaida: Unguwar Rimi a Kaduna, Gawon Nama a Sakkwato, Giginyu da Kurna da Ɗorayi da Durumin Iya da Tsamiyar Boka a Kano. Mai karatu ya je waɗannan wurare ya nemi itatuwan da suka ba su suna, ya ga nawa zai ƙirga.

Wani abin da ya gaggauta wannan ɓarna ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. A 2003 gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin mai da alawus na gida da mota da sauransu kuɗi a cikin albashi, daga nan aka shiga sayar da gidajen gwamnati, musamman a Abuja daga 2005, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Dā gidan ma'aikaci yana hannun ma'aikatar ayyuka, ita ke gyara, ita ke aiko da masu rage rassa, mazaunin gida kuwa ba shi da ikon kayar da ko zogale ba da izini ba. Da gidajen suka koma hannun mutane, filin da dā gida ɗaya ne da itatuwa goma sai aka yanka shi huɗu ko shida, kowane yanki aka cika shi da gini har bakin katanga. Ba mu ce kada ma'aikaci ya mallaki gida ba, haƙƙinsa ne, kuma da yawa daga iyayenmu ta nan suka sami wurin sa haƙarƙari bayan ritaya. Amma an sayar da gidaje ba a rubuta ko layi ɗaya a kan itatuwan da ke cikinsu ba, alhali da kuɗin jama'a aka dasa su aka rene su shekara da shekaru.

Adalci ne kuma mu saurari mai gida, domin ba kowane mai sare bishiya ne maƙiyin inuwa ba. Akwai wanda saiwa ta tsaga masa harsashin gini, ko ta shiga masai, ko ta fasa bututun ruwa. Dangin ɓaure, irin su durumi da ceɗiya da gamji, saiwarsu tafiya take yi mai nisa tana neman laima, kuma ba ta jin kunyar siminti. Akwai wanda iyali suka yi yawa, ɗa ya isa aure, babu wurin ƙara ɗaki sai gindin mangwaro. Akwai gidan gado da aka raba, iyaka ta faɗa daidai kan bishiya. Akwai mai tsoron ɓarawo ya bi reshe ya diro, da wadda ta gaji da sharar ganye da kashin jemagu safe da yamma, ita kuwa ba a cika tambayar ra'ayinta ba sa'ad da maza suke yabon inuwa. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda malaman fiƙihu suka yi bayaninsa tun da daɗewa, cewa idan rassan bishiyarka suka shiga sararin gidan wani suna cutar da shi, yana da ikon neman ka janye su ko ka datse. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya. Abin da muke cewa shi ne, mafi yawansu rage rassa yana maganinsu, ko datse saiwar da ta nufi gini a haƙa rami a zuba kankare tsakani. Sai dai mai sara ba zai ba da wannan shawara ba, domin rassa kaɗan ba su cika mota, shi kuwa gangar jikin yake hange. Wanda ya je neman shawara wurin mai sayen itace, ya san amsar da zai samu tun kafin ya yi sallama.

Kada kuma mu manta da wanda yake can sama. Yawancin masu hawan nan samari ne 'yan ci-rani, ba hular kwano, ba ɗamarar tsaro, ba takalmin kirki, daga su sai igiyar da ta sha jiki. Ƙasar nan tana da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki tun 2010, amma wanda aka ɗauka jinga a bakin kasuwa ba shi da takarda, ba shi da rajista, bai ma taɓa jin labarinta ba. Idan ya faɗo ya karye, sai a kai shi wurin mai ɗori, mai gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Ashe ke nan ko wannan farashin da muke kuka da shi bai cika ba, an rage shi ne da ƙashin bayan wani. Duk gyaran da za a yi wanda bai sa mai inji ya tanadi ɗamara da hula da igiya mai kyau ba, gyara ne na rabi, ko da zai ƙara wa aikin tsada.

To, ina hukuma? A 2025 gwamnatin jihar Kano ta ba da sanarwar cewa ba wanda zai yi aiki da injin sare itace sai da lasisi, ba kuma wanda zai kayar da bishiya sai da izini, tare da tara ga wanda ya saɓa da sharaɗin dasa wasu a madadin wadda aka cire. Mun yi maraba da niyyar, domin inji ɗaya yana kayarwa a yini abin da gatari zai yi mako yana fama da shi. Amma muna da tsoro, kuma tsoron ba daga zato ya fito ba, daga maƙwabtanmu ne. A Jamhuriyar Nijar, tun daga zamanin mulkin Faransa har bayan samun 'yanci, doka ta ɗauki itatuwa masu daraja a matsayin abin gwamnati, malaman daji suna cin tarar manomi idan ya sari reshe a gonarsa. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya daina ganin bishiya a matsayin dukiya, ya koma ganinta a matsayin hanyar shiga uku, yana ganin tsiro sai ya tumɓuke tun kafin ya girma ya jawo masa malamin daji. Sai daga tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1984, da aka sassauta wannan riƙo, manoman Maraɗi da Damagaram suka ga cewa abin da suka rena nasu ne, suka shiga barin tohon kututture yana girma a gonaki, gawo da kalgo da sabara da sauransu. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da gandun gwamnati ba.

Darasin a fili yake. Idan neman izini ya zama sai an yi sintiri ofis ofis, a biya nan a biya can, to, abu biyu za su faru. Mai ruɓaɓɓiyar bishiya, wanda dā ma kuɗin sara ya gagare shi, an ƙara masa wani kuɗin, sai ya ƙara jinkiri har iska ta yanke hukunci. Mai lafiyayya kuwa da ya ƙudura rabuwa da ita, ba zai je ofis ba. Zai kwantare ɓawonta zagaye da dare, ko ya tona gindinta ya zuba gishiri ko baƙin mai, bayan wata uku ya kira malamin daji ya nuna masa busasshen itace. Mai sabon gida kuma zai ce, me ya kai ni dasa abin da gobe sai na roƙi izini kafin in taɓa? Dokar da aka yi don kare bishiya sai ta zama dalilin ƙin dasa ta.

Abin da muke nema shi ne a juya lissafin. Bishiyar da malamin daji ya duba ya tabbatar hatsari ce, izininta ya zama kyauta, a bayar cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙaramar hukuma ta tanadi ƙungiyar ma'aikata masu horo da kayan aiki da za su cire ta a farashi mai sauƙi, su ɗauki itacen a bakin wani kaso na ladansu. Hukumar da take aika motar kashe gobara ba tare da ta tambayi mai gida albashinsa ba, ba ta da hujjar cewa bishiyar da ta sunkuyo kan ɗakin yara sha'anin mai gida ne shi kaɗai. Rage rassa kada a nemi wani izini a kansa sam. Nauyin kuɗi a ɗora shi kan babbar bishiya lafiyayya da za a kayar don a gina shaguna ko a faɗaɗa wurin ajiye motoci, kuma a karɓe shi daga hannun mai gini tun wurin amincewa da zanen gini, inda dā ma yake zuwa da ƙafarsa. Sharaɗin dasa madadi kuma a auna shi bayan shekara biyu, a ga abin da ya rayu, domin dashen da ake yi gaban masu ɗaukar hoto kowa ya san awaki ne ke cin gajiyarsa.

Mun san za a ce ƙananan hukumomin da albashi ma yake gagararsu ina za su iya wannan. Tambaya ce mai nauyi. Amma injin sara biyu da igiyoyi da tsani da horar da samari shida ba su kai kuɗin motar shugaban ƙaramar hukuma ɗaya ba, kuma a kowace jiha akwai waɗanda suka karanta ilmin gandun daji suna zaune ba aiki, wasunsu abokan karatunmu ne da suka riga mu fita.

Mu kuma da muke shirin fita, yawancinmu gidan haya za mu fara shiga, kuma ɗan haya shi ne wanda wannan karkataccen lissafi ya fi cuta. Idan bishiyar gidan lafiyayya ce, mai gida yana iya sayar da ita ranar da ya bukaci kuɗi, ya bar ɗan haya da zafi, kuɗin haya kuwa ba zai ragu ba. Idan ruɓaɓɓiya ce, mai gida yana can wata unguwa, ba kansa za ta faɗa ba, sai ya ce wanda ta dama ya biya. Muna rubuta wa zai gyara famfo da wa zai yi fenti a takardar haya, amma ba mu taɓa ganin an rubuta bishiya ba. Ya kamata mu fara nema a rubuta: cire mai hatsari nauyin mai gida ne, kayar da lafiyayya kuwa ba ya yiwuwa cikin wa'adin haya sai da yardar mazauni. Lauyoyinmu na gobe da ke cikin wannan haraba suna iya tsara wannan sharaɗi cikin layi uku. Ranar da kuma Allah Ya hore wa ɗayanmu fili, ya tuna cewa tsadar sara tun ranar dashe ake sayenta. Babbar bishiya a ba ta taku bakwai ko takwas daga bango da masai, kada a sa ta ƙarƙashin waya, dangin ɓaure a bar su a dandali da ƙofar masallaci, a cikin ƙaramin gida kuwa lemo da gwaba da zogale sun wadatar.

A nan harabar ma akwai aikin da ya rataya a wuyan ƙungiyarmu. Itatuwan da ke kewaye da ɗakunan kwananmu da gidajen malamai sa'o'in jami'ar ne, wasu sun girme ta, kuma suna tsufa tare. Muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai ta zauna da sashen ayyuka da malaman aikin gona da na ilmin tsirrai, a ba ɗalibai aikin zagayawa su ƙirga manyan itatuwa, a sa wa kowace lamba, a rubuta wadda ke da kogo da wadda ta karkata da wadda take bukatar a rage mata kaya. A liƙa jerin a allon sanarwa inda kowa zai gani, yadda idan aka wayi gari an kayar da wata, za a iya dubawa a ga ko tana cikin masu hatsari ko kuwa wani ne ya yi ciniki da mai gidan burodi. A fara wannan zagaye cikin hunturu, a gama rage rassan kafin ƙarshen Afrilu.